Ɓarayi Uku a Lungun Mai Aski

Ihun Mai Aski ne ya tashi layin shagunan a safiyar nan, kuma duk wanda ya ji shi ya ɗauka rasuwa aka yi. Mahauci ya bar nama a kan teburi, Tela ya fito da allura a baki, masu shan shayi suka taso da kofunansu a hannu. Suka tarar da shi tsaye a tsakiyar shagonsa, hannu biyu a ka, yana kallon bango. Bangon kuwa babu komai a jikinsa sai ƙusoshi da wani faffaɗan wuri da fentinsa ya fi na sauran haske. Madubin ya yi ƙafa.

Ba ƙaramin madubi ba ne. Tsayinsa ya kai na ƙofa, gefensa baƙin katako ne, kuma tun zamanin mahaifin Mai Aski yake rataye a wurin. Babu namijin layin da bai girma a gabansa ba. A cikinsa suka ga gashin bakinsu ya tsiro, a cikinsa kuma suka ga furfurarsu ta farko suka ce hasken fitila ne.

"Ku duba, kwaɗon ma ba a fasa ba," in ji Tela, bayan ya cire allurar daga bakinsa. "Buɗe shi aka yi, aka mayar aka kulle."

"To ai na kusa ne," in ji Mahauci.

Ba wanda ya kira suna, amma idanu duka suka juya wuri ɗaya, wato shagon Mai Guga da ke ƙarshen layi. Shi baƙo ne, bai shekara da zuwa ba. Kullum shi ne yake riga kowa tashi don ya hura gawayin dutsen gugarsa, sannan ba ya zaman hira. A layin da ake karya kumallo da hira, mutumin da ba ya hira ai ya riga ya yi rabin laifi.

Shagon da yake haya, tare da ɗan ɗakin baya inda matarsa da jaririnsu suke kwana, duk a cikin ginin mahaifin Mai Aski suke. Mai Aski ya taka har bakin ƙofar Mai Guga.

"Malam, ni ban ce kai ne ba. Amma in rana ta faɗi ban ga madubina ba, ka kwashe gawayinka da iyalinka ka ba ni makullina."

Mai Guga bai ce uffan ba, sai dai ya sunkuyar da kai. Wannan shirun ya ƙara wa jama'a tabbaci, har wasu suka fara shiga suna karɓe kayansu, masu guga da marasa guga. A nan ne wani mai sauran hankali ya ce a kira Duba-Ƙasa.

* * *

Duba-Ƙasa tsohon mai bin sawu ne. A ƙuruciyarsa ya bi shanun da suka ɓata da awakin da aka sace har inda ƙafa ta gaji, yanzu kuwa yana zaune a gidan 'yarsa, yana gano wa mutanen unguwa abin da ya salwanta. Sunan ya samo shi ne saboda ba a taɓa ganin ya ɗaga kai ba. Da ƙafa ya san kowa. 'Yarsa takan tsokane shi cewa ranar da ta sauya silifa zai gaishe ta kamar baƙuwa, shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce bai ga amfanin kallon fuska ba, tun da mutum yana iya gyara ta yadda ya ga dama, amma ba wanda yake tunawa ya gyara tafiyarsa.

Ya zo da sandarsa da doguwar rigarsa, yana murna a ransa, don an yi ruwa jiya da yamma kuma ƙasa ta yi laushi. Ya zauna a kan bencin mai shayi ya ce duk wanda ya ga wani abu da asuba ya matso. Mutum uku suka matso a tare, kowa yana ture ɗan'uwansa.

Mahauci ya fara. Duba-Ƙasa ya kafa ido a kan faffaɗan ƙafafunsa masu tsaga a dunduniya.

"Baba, da idona na gan shi, wallahi. Na fito zan tafi mayanka, gari bai gama wayewa ba. Ina zuwa bakin lungun nan na gefen shagon aski, sai na waiga. Ga mutum can ƙarshen lungu, a tsaye, ya zuba mini ido."

"Yaya yake?"

"Gajere ne, ƙato, wuyansa ya haɗe da kafaɗa. Ga wuƙa a hannunsa tana ƙyalli. Kai, Baba, fuskar nan ko a mafarki ka gan ta sai ka tashi ka yi addu'a. Irin mutanen nan ne marasa imani."

"Sai ka yi yaya?"

"Sai na... na ƙara sauri. Ina da aiki a gabana."

"Ƙarya yake yi, ko kuma tsoro ne ya rufe masa ido," in ji Tela, ya tura siraran ƙafafunsa gaba. "Ni ma na bi ta wurin bayansa kaɗan. Mutumin dogo ne, siriri kamar sanda, idonsa na walƙiya a cikin duhu. Ga igiya rataye a wuyansa, ta ɗaure mutane ce ko ta hawa katanga, Allah ne masani. Kuma rigarsa, ko daga nesa na gane wani maras kunya ne ya ɗinka ta, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya."

"Ku maza ba ku iya kallo ba!" Mai Ƙwai ce ta katse shi, wadda take kawo wa mai shayi ƙwai kowace safiya. "Mace ce, Baba. Ta ɗauko kayan sata a ka, ta tsaya ƙerere tana harara ta. Na harare ta, ta rama. Na ja tsaki na wuce, don ni ba na tanka wa ballagaza. Irin matan nan ne masu baki kamar reza, kana gani ka sani."

Jama'a suka dubi juna. Sai wani daga baya ya warware matsalar: ai ƙungiya ce! Gajere mai wuƙa, dogo mai igiya, mace mai ɗaukar kaya, sai kuma na cikin layi da ya nuna musu hanya. Nan take kowa ya gamsu, har da waɗanda ba su ga komai ba suka fara tuna cewa sun ji motsi. Duba-Ƙasa dai ya miƙe ya ce kada wanda ya biyo shi, don ba ya son a tattake masa shaidu.

* * *

Lungun siriri ne, ba ya ɓullewa ko'ina. A ƙarshensa katanga ce, a gefe kuma ƙofar baya ta gidan Mai Aski, wadda ba a cika buɗewa ba. Duba-Ƙasa ya fara daga baki.

Shaidun nan uku ba su yi ƙaryar wucewa ba. Ga sawun Mahauci ya zo ya tsaya cak, daga nan kuma sai yatsu kawai suka nutse a laka, tazara mai faɗi. Duba-Ƙasa ya yi murmushi. Wannan ba ƙara sauri ba ne, gudu ne na ceton rai. Ga na Tela ya ja da baya har ya taka kwata. Ga na Mai Ƙwai, da fasasshen ƙwai ɗaya a gefe, alamar tsakin nata bai fita da natsuwa ba.

Ya shiga ciki a hankali har ƙarshe, inda duk suka rantse mutum ya tsaya. A nan murmushinsa ya ɗauke. Babu sawun gajere, babu na dogo, babu na mace. Mutum ko jariri ne in ya tsaya a kan laka sai ya bar alama, amma nan wurin sumul yake. Abin da ya samu kawai wani siririn layi ne miƙaƙƙe a gindin katanga, wanda ya nutse kamar an dasa katako. Wannan bai ba shi wahala ba: a nan aka jingine madubin na wani lokaci.

Sai kuma sawun mutum ɗaya tak. Silifar roba ce, dunduniyar hagu ta cinye ta waje. Ta shigo da nauyi, ta fita sakayau, ta sake dawowa sakayau, sannan a bakin ƙofar baya tsintsiya ta share sauran labarin. Duba-Ƙasa ya san silifar nan. Ta Mai Guga ce, kuma abin ya yi masa zafi, don yaron yana da tafiyar mutanen kirki, ba ya jan ƙafa, ba ya tattaka shukar kowa.

Ya durƙusa sosai don ya tabbatar, sai ya ji ɓarrr daga bayansa. Wandonsa ne ya ɓarke tun daga ƙugu. Ya yi maza ya duba ƙasa hagu da dama, bai ga ƙafar kowa ba. Ya gode wa Allah, ya ja doguwar rigarsa ya rufe, ya fito yana tafiyar dattako kamar ba abin da ya faru.

* * *

Ya tarar da shagon Mai Guga ya kusa zama kango. Igiyar da ake rataye kaya ta koma wayam, saura riga ɗaya da yake gogewa, ita ma mai ita yana tsaye a waje yana jira. Daga ɗakin baya ana jin matarsa tana rarrashin jariri da muryar da ita ma take bukatar rarrashi. Duba-Ƙasa ya jira mai rigar ya tafi, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗana, silifarka ta shiga lungu da asuba ɗauke da abin da ya fi kayan wanki nauyi."

Dutsen gugar ya tsaya. "Ƙafata ce, Baba. Ba zan musa ba."

"Su wane ne ukun da aka gani?"

"Wallahi ni kaɗai ne. Ni ma tun safe nake mamakin inda suka fito."

"To ina madubin?"

"Baba, ka yi haƙuri. Na yi alkawari ba zan faɗa ba."

"Alkawarin ya fi ɗakin da ɗanka yake kwana?"

Mai Guga ya ajiye dutsen gugar. Duba-Ƙasa ya ga yatsun ƙafarsa suna murɗewa a kan siminti.

"Bai fi ba," ya ce daga ƙarshe. "Amma na riga na yi."

Duba-Ƙasa ya fito ransa a jagule. Da ya buɗe baki yanzu a bencin mai shayi, da aikin ya ƙare, a yaba masa, a yi waje da yaron kafin azahar. Ƙasa ta faɗa masa gaskiya, bai taɓa shakkarta ba. Amma ɓarawon da yake mayar da kwaɗo ya kulle, sannan ya kai kayan sata ƙofar gidan mai kayan, wannan sabon salo ne. Kuma tsintsiyar nan ba daga lungu ta fito ba, daga cikin gida aka miƙo ta. Ya wuce masu tambayarsa yana ɗaga musu sanda, ya zagaya ta babbar ƙofar gidan Mai Aski ya yi sallama.

Matar Mai Aski ce ta fito, ta tsaya a bakin ƙofa yadda ko kyanwa ba za ta wuce ba. Ƙafarta ɗaya tana taka ɗaya.

"Sannu da zuwa, Baba. Maigidan ai yana shago."

"Na sani, 'yata. Wa ya share bakin ƙofar baya yau?"

"Ƙofar baya? Ai mu... iska ce wataƙila."

"Iskar gidan nan da tsintsiya take yawo?"

Sai wata murya ta taso daga ɗakin ƙurya, tsohuwar murya amma garau. Inna ce, mahaifiyar Mai Aski, wadda ta zame a banɗaki watannin baya ta karya ƙugu, tun daga nan ba ta ƙara sauka daga gado ba.

"Wa nake ji kamar Duba-Ƙasa? Ke, ba shi allura da zare mana! Ko haka zai wuni yana yawo da wando a ɓarke?"

Duba-Ƙasa ya daskare a inda yake. Ya shafa bayan rigarsa, a rufe yake ruf. Babu mahaluƙin da yake cikin lungun sa'ad da abin ya faru, ya duba da idonsa. To ta yaya matar da ba ta iya juyawa a gado sai an taimaka mata ta san abin da ya samu wandonsa?

"'Yata," ya ce a hankali, "matsa in gaida Inna."

* * *

Ga madubin nan, a kan teburin da aka jawo gindin taga, an tokare shi da buhun shinkafa da matasan kai, an karkata shi. Inna tana kishingiɗe tana kallonsa, fuskarta fal da annuri kamar yarinyar da aka saya wa sabon takalmi.

"Tun safe nake kallon tsakiyar hularka kana rarrafe a ƙarƙashin tagata," ta ce. "Har hannu na ɗaga maka. Da ka ɗaga kai sau ɗaya, ai da mun gaisa ka huta."

"Inna, ke ce ɓarauniyar?"

"Kai, kiyaye bakinka. Mijina ne ya saye shi, makullin shagon kuwa tun yana raye yake ƙarƙashin matashina. Mutum yana satar kayansa?" Ta gyara mayafinta. "Zauna ka ji. Tun da na faɗi, abin da nake gani a duniya silin ɗin nan ne. Na san duk wata tsaga da ke jikinsa, har sunaye na sa musu. Na ce wa ɗan nan nawa ya ara mini madubin in riƙa hango bakin titi, ya ce likita ya ce in huta, hayaniya za ta tayar mini da jini. Hutun ne ya kusa kashe ni. Yaron kirkin nan mai guga, shi kaɗai ne in ya zo karɓar zannuwan gado yake tsayawa ya ba ni labarin waje. Ku kuna cewa ba ya magana, ai ba ku taɓa yin shiru kun ba shi fili ba ne. Na ba shi makulli, na sa ya yi mini alkawari. Ya kawo da asuba, ya tarar maigidan bai shiga wanka ba, sai ya jingine shi a lungu ya koma, har surukata ta buɗe masa."

"Ai da yamma ɗanki zai shigo gaisuwa ya gani."

"Ya gani mana! Ni da shi ne. So nake in sha kallon wuni ɗaya tukuna kafin a fara shari'a. Kuma na sha. Ka ga yadda yake ta safa da marwa da hannu a ka? Na yi dariya har ƙuguna ya amsa."

Duba-Ƙasa ya matso kusa da gadon. "Inna, madubin yana kawo miki hoto, amma ba ya kawo miki magana. Mutanen da kika ga suna fita da kaya daga can ƙarshen layi, ba ciniki ba ne. Karɓe kayansu suke yi. Ɗanki ya ce in rana ta faɗi yaron ya bar masa shago, da matarsa da jaririnsu. Shi kuma ya ƙi buɗe baki saboda ke."

Dariyar ta gudu daga fuskarta. Ta juya ga surukarta, wadda ta sunkuyar da kai tana cewa tsoro ne ya hana ta faɗa.

"Innalillahi! Ni ina nan ina kallon wasa, ashe gidan wani ne yake rushewa? Tashi, Duba-Ƙasa, tara mini su a bakin lungu yanzun nan. Ga wasunsu can ma, duba."

Ya duba. Rabonsa da kallon madubi har ya manta. A cikinsa ya hango lungun a miƙe, da bakin titi, da mutum uku suna ta musu da hannuwa. Ƙafafun ya fara ganewa, bisa al'ada, amma madubi ba ya tsayawa a idon sawu, sai ya ja idonsa sama. A kan faffaɗan ƙafafun nan akwai wani gajeren ƙato, wuyansa haɗe da kafaɗa, wuƙa a hannu. A kan siraran akwai wani dogo mai tabarau, tef ɗin awo rataye a wuyansa, kafaɗar rigarsa ɗaya ta fi ɗaya. Ga kuma mace da tire a ka tana harara.

Dariyar da ta kama shi sai da ya zauna a ƙasa, wandon ya ƙarasa ɓarkewa. Yana share hawaye ya roƙi allurar nan da zaren.

* * *

Layin duka ya hallara a bakin lungu. Mai Aski yana gaba, fuska a murtuke. Mai Guga yana can gefe shi kaɗai, an bar masa fili kamar mai cutar da ake ɗauka. Duba-Ƙasa ya buga sandarsa a ƙasa.

"Na kama ƙungiyar," ya ce. "Duk ukun suna nan cikinmu. Amma kafin in nuna su, Mahauci, zo ka tsaya daidai inda ka tsaya da asuba, ka maimaita wa jama'a yadda mutuminka yake."

Mahauci ya fito yana hura hanci. "Gajere ne, ƙato, wuyansa ya haɗe da kafaɗa, ga wuƙa a hannunsa..."

Wani ya yi tari a baya. Mai shayi ya rufe baki da tawul.

"Ci gaba. Fuskar fa?"

"Fuskar marasa... Me kuke wa dariya?"

"Tela, bismillah."

Tela ya fi shi saurin ganewa. Ya fara da "dogo ne," sai hannunsa ya tafi kan tef ɗin da ke wuyansa, ya tsaya a nan. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya dubi kafaɗar rigarsa. "Gaskiya dai hasken bai isa ba," ya ce da ƙaramar murya.

"Madubin a ƙarshen lungun nan yake da asuba, a jingine, yana kallon titi," in ji Duba-Ƙasa. "Duk wanda ya leƙa, ya ga ɓarawo. Shi ne dai madubin da kuke zama gabansa duk mako kuna shafa gemu kuna cewa masha Allah."

Layin ya ɓarke da dariya, har masu wucewa suka tsaya suna tambaya. Mai Ƙwai kaɗai ce ta ƙi sauka. "To ni dai ita ta fara harara ta," ta ce, abin da ya ƙara kwantar da mutane da dariya.

Mai Aski bai yi dariya ba. "Baba, duk na ji. Wa ya kai shi lungun, kuma ina yake yanzu?"

"Wanda ya kai shi aike aka yi masa. Inda yake kuwa, ni ne na fi kowa cancantar a yi wa dariya, don tun safe yake saman kaina. Ku ɗaga ido."

Suka ɗaga. Can ciki, a tagar da ke saman ƙofar baya, aka yaye labule gaba ɗaya. Ga baƙin katako, ga gilashi yana ɗaukar rana, ga kuma Inna a cikinsa tana nuna ɗanta da yatsa.

"Kai! Matso nan inda zan ji ka!"

Mai Aski ya shiga lungun kamar yaron da aka kama yana shan sukari. Jama'a suka biyo shi.

"Inna, madubin Baba ne fa. Shi kaɗai ya rage mini. Duk safiya in na buɗe shago sai in ga kamar yana tsaye a bayana."

"Na sani, ɗana," ta ce, muryarta ta yi laushi. "Kai ubanka kake gani a ciki, kuma ya riga ya tafi, Allah ya ji ƙansa. Ni kai nake son gani, kuma kana nan. Yau ce rana ta farko tun da na faɗi da na ga tafiyarka a titi. Irin tasa ce sak."

Mai Aski ya kau da kai. Ya goge ido da bayan hannu, ya ce wai ƙura ce, alhali ko'ina laka. Sannan ya juya ya ratsa mutane har gaban Mai Guga, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Malam, na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Ba komai, maigida. Sai dai... yana da nauyi ƙwarai. In za a mayar da shi, a nemo wani."

Wannan ce doguwar magana ta farko da layin ya taɓa ji daga bakinsa, kuma ta samu karɓuwa. Kafin la'asar igiyarsa ta cika ta tumbatsa, har da kayan da ba su yi datti ba. Mahauci ya aika wa matar Mai Guga da tsoka mai kyau ba tare da ya ce daga wa ba, duk da kowa ya gan shi yana naɗewa.

* * *

Ba a mayar da madubin ba. Mai Aski ya fito da kujerarsa bakin lungu ya kafa rumfa, daidai inda taga take hangowa. Yanzu in ya gama aski sai ya juya mai askin ya fuskanci ciki. In Inna ta ɗaga hannu, an gama. In ta kaɗa yatsa, a koma kujera. Ba a taɓa yin aski mai kyau a layin ba kamar na wannan zamanin, kuma ba mai ƙarfin halin yin gardama.

Washegari Duba-Ƙasa ya biyo ta wurin da ɗinkakken wandonsa. Da ya zo bakin lungu ya tsaya, ya dafa sanda, ya ɗaga kai, wuyansa yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Inna ta ɗago masa hannu, ya ɗaga mata. Tun da kan ya riga ya tashi, sai ya bar shi a haka ya ci gaba da tafiya. Ashe ginin Tela bene ne. Ashe akwai tantabaru a kan rufin mai shayi, da wata bishiya mai jan fure da ta leƙo ta bayan katanga, wadda shekara da shekaru yake taka furenta bai taɓa tambayar daga ina yake zubowa ba.

Yana cikin wannan kallo ya zurma ƙafarsa cikin kwatar da duk unguwa ta san shi ne ya fi kowa saninta. Daga can ƙarshen lungu dariyar Inna ta biyo shi. Ya zaro ƙafar, ya dubi lakar da ta kai masa ƙauri, ya yi tasa dariyar, sannan ya sake ɗaga kai ya nemi bishiyar.